Neman kalma: “typesetting” da “toolchain”, aikin Alhamis ne

Tafinta: Assalamu alaikum jama'a. Akwai aikin da zan miƙa ranar Alhamis, jagorar masu rubuta takardun bayanin wata manhaja ce ta kyauta, Hausarta ta faɗo hannuna. Babin da ya tsaya mini a wuya yana bayanin dalilin da ya sa suka bar wata manhajar shirya shafuka mai suna pdfLaTeX suka koma 'yar'uwarta XeLaTeX wajen fitar da PDF, bayan masu fassarar Sinanci da Japananci da Koriyanci sun yi ta kukan shafukansu ba sa fitowa. Kalmomi biyu sun hana ni sakat, “typesetting” da “toolchain”. Na fara sa “buga rubutu”, sai na tuna duk mai shagon kwamfuta a bakin jami'a buga rubutu yake yi. A agaza.

Tsohon Ma'aikacin Ɗab'i: Wa alaikumus salam. Jera haruffa. Ba sai an wahala ba. Da hannuna na yi aikin nan, ka tsinto haruffan dalma daga akwati mai gida-gida, ka jera su a juye, layi ya cika ka toshe giɓin da ɓallin da ba ya ɗaukar tawada. Yamma ta yi yatsunka sun yi baƙi ƙirin. Kwamfuta ta karɓe aikin ne kawai, sunan yana nan.

Ɗalibi a Osaka: Baba, Allah ya ƙara girma, amma babin da Yaya Tafinta ke fassarawa ya wuce jere. Tsohon TeX ɗin da Donald Knuth ya fara fitarwa a 1978, tushen su pdfLaTeX ke nan, ba ya ɗaukar alama fiye da 256 a font ɗaya. Ga boko wannan ya isa har da saura. To Japan kaɗai jerin kanji, wato alamomin rubutun da suka aro daga Sinanci, da hukuma ta ware don amfanin yau da kullum 2,136 ne, gaɓoɓin Koriyanci a Unicode, tsarin da ke ba kowace alamar rubutu lambarta, kuwa 11,172. Shi ya sa a da sai an yanyanka font ɗaya gunduwa-gunduwa kafin pdfLaTeX ya haɗiye shi. XeTeX, injin da XeLaTeX ke aiki a kansa, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, shi yana karanta Unicode kai tsaye, ya ɗauki font ɗin da ke kan na'urarka.

Kuma ko an samu alamomin, da sauran rina a kaba. Sinanci da Japananci ba sa barin fili tsakanin kalmomi, don haka layi na iya karyewa kusan ko'ina, sai dai da sharaɗi: ayarsu, ɗan da'irar nan 。 ba ta fara layi, bakan buɗewa ba ya ƙare layi. Japanawa na kiran dokokin kinsoku. Ga rubutu daga sama zuwa ƙasa, layuka na tafiya daga dama zuwa hagu. Ga furigana, 'yan mitsi-mitsin alamomin da ake ɗora wa kanji don a san yadda ake karanta shi. Manhajar hukunci take yankewa a kowane layi. Ni “tsara ɗab'i” zan ce.

Malamar Hausa: Tsara ɗab'i ya zauna mini. Mai aikin ya zama mai tsara ɗab'i, aikatau kuma “an tsara shi don ɗab'i”. Ba tuntuɓe. “Toolchain” kuwa jerin manhajoji, in ana son cikawa a ce jerin manhajojin tsara ɗab'i.

Zare da Ƙoshiya: Haba Malama! Ɗab'i Larabci, harafi Larabci, manhaja Larabci. Mun gudu daga Turanci mun faɗa wani aron. Alhali ga kalma a gida: SAƘA. Ku saurari bayanin yaron nan na Osaka da kyau, zare a tsaye, zare a kwance, kowane ya san inda zai bi. Wannan ba saƙa ba ce? “Typesetting” saƙar shafi. “Toolchain” masaƙa. Kalma ɗaya ta haifi 'yar'uwarta, abin da jerinku ba zai taɓa yi ba. Shekara biyu ina amfani da su a rubuce-rubucena, ba wanda ya taɓa yi mini ƙorafi.

Malamar Hausa: Malam, shi shafin daga Daura ya zo?

Zare da Ƙoshiya: Shafi ya daɗe, ya zama ɗan gida.

Malamar Hausa: Harafi kuma jiya ya sauka a tasha ke nan.

Na Maraɗi: Ni matsalata da saƙar shafi ba asalinta ba ne. Rabin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya. Gobe za ka ga “saka shafi”, mai karatu ya ɗauka cewa aka yi ya ƙara shafi. Masaƙa ta koma “masaka”. Kuma dai abin dariya, ciwon da Japanawa ke kuka da shi namu ne. Na taɓa kai takardar daurin aure wani shago, ta fito duk inda ƙ da ɗ da ƴ suke sai ɗan akwati fanko. Masu sana'ar suna kiran akwatunan nan tofu, har Google ta sa wa font ɗinta suna Noto, wato kada a ga tofu. Tofu kuwa ai awara ce.

Tafinta: Wallahi kalmar tana cikin babin, ban ma kai kanta ba! Awara ta shiga. “Idan font ba shi da alamar, shafin zai cika da awara.” Na gode ɗan'uwa.

Tsohon Ma'aikacin Ɗab'i: Wannan kam ba gardama, farare ne kuma masu kusurwa huɗu. Amma ku yara ku sani, tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya da ƙugiyoyinta. Maganar ɗab'in Hausa ba a Osaka za a yanke ta ba.

Bakano: Ranka ya daɗe, an buga a Zariya, amma Hausar wa aka buga? Kalma in ba ta ci kasuwa a Kano ba, a takarda za ta tsufa.

Na Maraɗi: To ga shi an fara. Mu da muke rubuta ƴ kuna rubuta 'y, a wace kasuwa za a sayar da tamu?

Zare da Ƙoshiya: Duk wannan bai taɓa masaƙa ba. A kawo mini hujja ɗaya a kan masaƙa.

Ɗalibi a Osaka: Ga ɗaya, Malam. Masaƙa na'ura guda ce, shi kuwa abin nan hannu da hannu ne. Ka rubuta da tsarin rubutu mai sauƙi irin Markdown ko reStructuredText, manhajar Pandoc ko Sphinx ta juya shi zuwa LaTeX, yaren da injin XeTeX ke ganewa, injin ya karɓa, ya kira mataimaka irin xeCJK ko ctex in Sinanci ne, Japanawa da yawa kuma upLaTeX ko LuaTeX-ja suke bi, sannan font irin Noto CJK ya ba da surar. Ɗaya ya yi tuntuɓe, duka sun tsaya. Misali 骨, ƙashi ke nan. Lambarsa ɗaya a Unicode, amma yadda ake zana shi a Beijing daban da na Tokyo. In wani a cikin jerin ya yar da bayanin harshen takardar, Bajapane zai buɗe littafinsa ya ga zanen Sinawa. Babu awara, babu saƙon kuskure, amma ya san ba nasa ba ne. In hoto ake so, ayari ya fi kusa, kaya ɗaya, zango-zango.

Bakano: Ayarin manhajoji. Wannan zai ci kasuwa.

Malamar Hausa: Yana da daɗi a baki, amma ayari tare yake tafiya, ba miƙa wa juna kaya ake yi ba. Kuma jagorar aiki ce, ba waƙa ba. A bar jeri.

Tafinta: Jama'a dare ya yi, ga inda na tsaya. “Typesetting” tsara ɗab'i, sai wurin da ake tarihin dalma na sa jera haruffa don girman Baba. “Toolchain” jerin manhajoji, ayari na ajiye shi a sakin layin gabatarwa sau ɗaya. Awara ta zauna daram. 骨 da 'yan'uwansa na kira su alamomin rubutu, don zuciyata ba ta yarda haruffa ba ne. Malam Zare, a yi haƙuri.

Zare da Ƙoshiya: Tsara ɗab'i na PDF ɗin da ba za a taɓa kai wa maɗaba'a ba. To. Ni dai a nawa rubutun masaƙa tana nan.

Na Maraɗi: Af, tun ɗazu kowa “font” yake ta cewa a nan, har da Malam Zare bai tanka ba.

Tafinta: Don Allah a bari sai bayan Alhamis.