Waɗanda suka taɓa yin matakalar katako a gida, me kuka gani?

Mai Ginin Bene: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gini ya kai ga matakala, kuma raina ya kwanta da katako mai ƙarfi, ba siminti ba. Kafin in kira kafinta, wanda ya taɓa yi ya taimaka mini da abin da ya gani.

Abban Yara: Wa alaikumus salam. Ni awo ne ya cuce ni. Daga ƙasa zuwa sama santimita 300 ne, muka raba 17, kowane hawa ya tashi 17.6. Sai dai an auna ne tun ba a sa tayil a ƙasa ba. Da aka sa, daɓen ya ƙaru da santimita 3, hawan farko ya gajarce ya bar sauran. Ido ba ya gani, amma ƙafa tana ji. Sau biyu mahaifiyata tana tuntuɓe a wurin, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ɗan'uwa, ka sa a lissafa da kaurin tayil, sama da ƙasa.

Tsohon Kafinta: Allah ya tsare gaba. Akwai ƙa'idar da wani magini ɗan Faransa, Blondel, ya rubuta tun ƙarni na 17, har gobe da ita muke aiki: ninka tsayin hawa sau biyu, ka haɗa da faɗin wurin taka ƙafa, ya ba ka wajen santimita 63. Naka 17.6 zai so faɗin 27 ko 28. Amma abin da ya fi ba ni wahala a aikin nan ɗanyen katako ne. Na taɓa yi wa wani da madaci, yana ta gaggawa, na bi shi. Da iska ta bushe sai allunan suka tsuke, haɗin ya buɗe, biyu suka tsage. Katako ta faɗi yake motsi, ba ta tsawo ba. Yanzu ko an ce mini busasshe ne, sai ya kwana mako biyu a cikin gidan, an jera shi da 'yan sanduna a tsakani, kafin zarto ya taɓa shi.

Maman Biyu: Baba, to kukan fa? Tamu da dare ko mage ta hau sai kowa ya farka.

Tsohon Kafinta: 'Yata, ƙusa kawai aka buga miki. Ƙusa tana saki, katako ya riƙa gogar ɗan'uwansa. Gam da sukuru ake haɗawa. Idan ana iya shiga ƙarƙashinta, a manna ƙananan katakai a kusurwoyin, zai lafa.

Maman Biyu: Na gode Baba. Ni kuma abin da zan ƙara: sandunan gefe. Ɗana ya taɓa zura kai tsakaninsu ya maƙale, na ga tashin hankali ranar. Aka ƙara wasu, tazarar ta koma ƙasa da santimita 10. Man ƙyalli ma a bi a hankali, da safa santsi yake kamar me.

Mai Ginin Bene: Allah ya saka da alheri. Tayil ɗina ma ba a sa ba tukuna. Baba, loko da madaci, wanne ya fi jure gara?