Gidan Tarihi ko Allon Aji: Ina Yaro Zai Koyi Haƙƙinsa?

Daga zauren WhatsApp na wasu malaman sakandare a birnin Sakkwato.

Malama Saratu: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakata: wuni ɗaya a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, in an tsara shi da kyau, ya fi zango guda na haddar darasin Sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa, amfani. Yaranmu suna rubuta "'yancin ɗan'adam" a jarabawa su ci maki, amma ka tambayi ɗaya me zai ce in ɗan sanda ya cakumi rigarsa, sai ya tsaya yana kallonka.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Malama, abin da ke gidan nan tarihin Daular Usmaniyya ne. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, wasiƙun sarakuna, kayan yaƙi. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuwa gwamnatin Janar Abdulsalami ce ta kafa shi da dokar soja. Ina ruwan biri da gada? Kada mu rikita yara.

Malama Saratu: Ba kallon takubba na ce a je yi ba, Malam. Bayan sun zaga, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a kafa kotu. Wannan alƙali, wancan ɗan sanda, yarinya ɗaya lauya, wani kuma mai sayar da albasa da ake zargi da sata. Kowa a ba shi kati mai ɗauke da sashe ɗaya na kundin, da Hausa. Na gwada irinsa a cikin aji. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta miƙe, katin na rawa a hannunta, ta ce wa "ɗan sandan" ya nuna mata takardar dalilin kamun. Ajin ya yi tsit, shi kuma ya rasa ta cewa.

Barista Aminu: Katin yarinyar nan sashe na 35 ne, kuma da za a ba ni zaɓi da shi zan fara. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. In akwai kotu a tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da shi. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema. Manya nawa ne a zauren nan suka san wannan na ƙarshen?

Malam Nasiru: To ai kin faɗa da bakinki, Malama, a aji kika yi kuma ya yi aiki. Me ya sa sai mun nemi kuɗin mota? Iyaye da ƙyar suke sayen littafin rubutu.

Malam Sambo: Nasiru, ɗana, saurara. Gamin da kake tambaya shina nan. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke yi wa talakawa: jangali, kuɗin gari, gaisuwa kafin a ji ƙararka, ƙwace dukiya ba bisa shari'a ba. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami domin masu mulki su san iyakarsu. Sarkin Musulmi Bello shi ma ya yi rubutu kan siyasa. Ɗiyanmu da yawa sun ɗauka zancen haƙƙi kayan Turawa ne da ya shigo bayan yaƙin Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Yaron da ya ga irin takardun nan da idonsa, da tawadarsu, sannan aka miƙa masa sashe na 14 da ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, zai gane cewa tambayar mai mulki gadonsa ce. Wannan allo ba shi ba da shi.

Barista Aminu: Na yarda da Baba Sambo, amma da sharaɗi. A faɗa wa yara ƙarara cewa tsari biyu ne daban. Daular Shehu ba ta tsayu kan ƙuri'a ba, kundin 1999 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 10 ke nan. A nuna musu inda suka haɗu da inda suka rabu.

Hajiya Kulu: Ni a matsayin uwa nake magana. Ɗan ƙanwata ya taɓa ce wa wasu jami'ai beli kyauta ne, ga shi rubuce a bangon ofishinsu. Kwana biyu ya ƙara a ciki. Ku koya musu haƙƙi, amma wa zai tsaya musu ranar da suka faɗe shi?

Malama Saratu: Hajiya, maganarki ta fi duk wadda aka yi nauyi a wurina. Shi ya sa wasan ba ya ƙarewa da yaro yana ɗaga murya. Muna koya musu su riƙe suna da lamba, su nemi a kira na gida, su san akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ga marasa ƙarfi. Wanda bai san komai ba ma ai ba ya tsira, sai dai ya biya ya yi shiru.

Malam Nasiru: Baba Sambo ya motsa ni, amma har yanzu ban yarda wuni ɗaya ya fi zango ba. Yaro sittin a aji, malami ɗaya, wa zai samu kati wa zai yi kallo? In za a yi, a fara karantar da Babi na 4 na kundin, wato babin haƙƙoƙin ɗan'adam, a aji, tafiyar ta zo daga baya, kuma ashirin-ashirin.

Malama Saratu: Ashirin-ashirin na karɓa. A kan wanda zai zo farko kuwa ba mu gama ba. Barista, don Allah a turo mana sashe na 35 da na 36 cikin Hausa mai sauƙi kafin Laraba. Malam Nasiru, kai za ka raka ni wurin shugaban makaranta kan batun mota.