Na ga maƙerar faifan kiɗa a Istanbul, yanzu ina neman mai haɗa kalangu a Kaduna

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya na je Istanbul sarin abaya a Laleli. Ana gobe zan dawo, ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, zo ka ga wani abu." Sai ga mu a wata masana'anta a bayan gari, inda ake ƙera faifan tagullar nan da masu gangunan zamani ke bugawa.

Wallahi maƙera ce sak, ga zafi ga hayaƙi. Jan ƙarfe kashi 80 suke narkawa da kuza kashi 20, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos, su zuba a 'yan kasake ya fito kamar gurasa. A gasa, a murje a inji, a sake gasawa, har ya yi faɗi, sannan a tsoma shi a ruwa. Wurin wani dattijo na kasa gaba. Yana zaune da faifan a kan uwar maƙera, yana juya shi da hagu, guduma a dama. Da ya gama sai ya ɗora shi a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta mutu. Daga nan ya kifa shi, ya rubuta nauyinsa, ya sa hannu.

Sa hannun nan ne ya tsaya mini a rai. Mahaifina mahauci ne, da kiɗan kalangu muka tashi, amma ban taɓa tambayar wa ya haɗa ko guda ɗaya ba. Don Allah wa ya san mai wannan aikin a Kaduna ko Zariya? So nake a yi mini ɗaya a gabana, ya rubuta sunansa a jiki.

Maƙerin Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ga aiki! Haɗin nan mai kuza da yawa gautsi gare shi, in ka dake shi da sanyi tsagewa zai yi. Tsomawar da ka gani ita ke sa ya karɓi guduma, saɓanin baƙin ƙarfe da ruwa ke ƙara wa tauri.

Baban Hanifa:
Sana'ar ta daɗe a Istanbul. Gidan Zildjian, masu ƙera irin faifan nan, a can ya faro a 1623, a hannun wani ɗan ƙabilar Armeniya mai suna Avedis, kafin zuriyarsa su buɗe masana'anta a Amurka a 1929.

Jikar Makaɗa:
Yaya, kalangu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Masassaƙi ke fafe kangon, makaɗin kuma yakan rufa fatar akuya da kansa ya ja tsarkiya daidai da kunnensa. Haka kakana yake yi, tun da safe zai jiƙa fatar, ba ya barin mu ko taɓawa. Ka je gidan dambe da yamma, ka jira a tashi, ka gaisa da makaɗan. Su za su haɗa ka da masassaƙinsu.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙanwata, Allah ya jiƙan kaka. Ke nan suna biyu za a rubuta. Ranar Asabar bayan la'asar zan je in sha Allahu.