Tafiyar fasto aikin bishara na ɗan lokaci a ƙasar waje: wa take amfana?

Sakataren Ikilisiya ya rubuta:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita aikin bishara na ɗan gajeren lokaci zuwa wata ƙasa, musamman fastoci. An gayyaci fastonmu ya bi wata tawaga da za ta yi kamar mako biyu a ƙasar waje, kuma maganar ta raba kan dattawan ikilisiyarmu. Wasu suna cewa kuɗin jirgi da biza da masauki, in aka tara su, za su riƙe mai bishara ɗan ƙasar na tsawon watanni, don haka gara a aika da kuɗin fasto ya zauna. Wasu kuma suna kafa hujja da Matiyu 28:19, suna cewa umurnin tafiya aka bayar, ba na aike ba. Ni aka ɗora wa nauyin rubuta shawarar da za a kai gaban majalisa. Tambayata ita ce, mene ne mutum zai iya yi cikin mako biyu a wurin da bai san harshensu ba, kuma bayan ya dawo, me yake saura a hannun waɗanda ya bari?

Tsohon Fasto ya amsa:

Ɗana, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma da ita ya kamata majalisarku ta fara. Na taɓa yin irin wannan tafiya zuwa ƙasar Nepal da ke Asiya, bayan girgizar ƙasar da aka yi can a watan Afrilu na 2015, wadda ta kashe mutane kusan 9,000. Wata ƙungiyar ikilisiyoyin ƙasar ce ta gayyace mu, kuma ita ta faɗa mana abin da take so tun kafin mu sayi tikiti: a zauna da shugabannin ƙananan ikilisiyoyin ƙauye, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, a bi wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti tare da su. Ba su nemi mu yi wa'azi a kasuwa ba, ba su kuma nemi mu ɗauki bulo ba, domin magina suna da su.

Abin da ya fara koya mini hankali shi ne tafinta. Saurayi ne, ya tsaya kusa da ni riƙe da nasa Littafin da ya sha alƙalami, kuma duk jimlar da na faɗa sai in dakata ya juya ta. Darasin da na saba gamawa cikin rabin awa ya ci fiye da awa guda, kuma duk wani karin magana ko barkwanci da nake taƙama da shi a bagadina ya mutu a hanya, sai ainihin nassin ya rage. Akwai lokacin da na kawo wani misali, ya yi shiru, ya juyo ya ce mini a hankali, "Baba, wannan ba za su gane ba, ka ba ni izini in kawo nasu." Na ba shi, ya yi magana ta ɗan lokaci, sai na ga dattawan da suke zaune a ƙasa a gabana suna gyaɗa kai suna rubutu. Daga ranar na riƙa zama da shi kowace yamma muna bin darasin gobe, kuma a ganina wannan zaman ne ya fi komai amfani a tafiyar, domin shi ne ya ci gaba da koyar da darussan bayan mun tashi.

Ba sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 14, mutanen Listira sun yi ta ihu da harshen Likoniya suna kiran Barnaba da Bulus alloli, kuma da alama manzannin ba su fahimci inda aka dosa ba sai da firist na gunkinsu ya iso da bijimai zai yi musu hadaya. Baƙo yana iya tsammanin ana karɓar saƙonsa, alhali shi kansa ake ɗaukakawa. Ka kuma lura da abin da suka yi a ƙarshen surar: sun sake bi ta Listira da Ikoniya da Antakiya suna ƙarfafa almajirai, suka naɗa dattawa a kowace ikilisiya, sa'an nan suka koma wurin ikilisiyar da ta aike su suka ba da rahoto. A Tasalonika Asabar uku aka ambata Bulus ya yi yana muhawara a majami'ar Yahudawa, a Koranti kuwa shekara ɗaya da wata shida. Gajeriyar ziyara tana da gurbi a Nassi, amma ba a cika barinta ita kaɗai ba. Wasiƙa tana biyo baya, ko a aiki Timoti, ko shi Bulus ya koma.

Sai maganar doka, wadda masu zumuɗi sukan tsallake. Tsarin mulkin Nepal na 2015 ya hana sauya wa wani addini, kuma dokar laifuffukan da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗauri har na shekara biyar. Baƙon da ya yi ganganci yawanci korarsa za a yi ya hau jirgi, amma fasto ɗan ƙasa da ya sauke shi shi zai zauna da 'yan sanda da maƙwabta. Kowace ƙasa fastonku zai je, ya san irin bizar da ke hannunsa da abin da ta halatta masa, ya kuma bi maganar masu masaukinsa ko da ya ga kamar tsoro ne ya yi musu yawa.

Ma'aji ya amsa:

Da girmamawa, Baba, tafiyarka ta yi kyau domin an gayyace ka kuma an faɗa maka aikin, amma ba haka yawancin tawagogi suke tafiya ba. Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗin ikilisiya, kuma abin da nake gani shi ne kaso mafi girma na baikon da aka tara yana ƙarewa a kamfanin jirgi, abin da ya isa hannun masu aikin can kuwa bai taka kara ya karya ba. Tun a ƙarni na 19 Henry Venn na CMS, ƙungiyar mishan ta Ingila, da Rufus Anderson na Amurka suka koyar cewa burin mishan shi ne ikilisiyar da take mulkin kanta, take riƙe kanta, take kuma yaɗa bishara da kanta. Tawagar da take zuwa kowace shekara da kaya da alkawura tana iya rushe wannan ba da niyya ba, domin tana koya wa mutane jiran baƙi.

Kyakkyawar niyya kuma ba ta isa kariya ba. Bayan girgizar ƙasar Haiti a watan Janairu na 2010, an kama wasu Amurkawa 10 da suka je da sunan taimako suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 ba tare da takardu ba, daga baya kuma aka gano cewa da yawa daga cikin yaran suna da iyaye a raye. Shawarata ga Sakatare ita ce a rubuta kasafi biyu a ajiye gaban majalisa, na tafiya da na tallafa wa mai bishara ɗan ƙasar, kowa ya gani da idonsa kafin a ɗaga hannu.

Matar Mai Bishara ta amsa:

Bari in yi magana daga ɓangaren masu karɓar baƙi, tunda ni da maigidana mun yi shekaru a filin mishan muna saukar irin waɗannan tawagogi. Abin da baƙi ba sa gani shi ne aikin da ake ajiyewa domin su. Kafin su iso ana neman mota da ɗakuna da masu fassara, ana dakatar da ajin baftisma da ziyarar marasa lafiya, bayan sun tafi kuma sai mun yi kwanaki kafin mu dawo daidai. Ba ƙorafi nake yi ba, domin akwai baƙin da zuwansu ya raya mu. Na tuna wani fasto da bai hau bagadi ba sam. Ya zauna da maigidana a ƙofar ɗaki har dare ya raba, yana sauraron damuwar da bai da wanda zai faɗa wa, ya yi addu'a tare da shi, kuma bayan ya koma bai daina rubuto mana ba. A lokacin muna dab da tattara kayanmu mu bar aikin. Wannan kam, ɗan'uwa Ma'aji, ba a aiko shi ta banki.

Waɗanda suka ba mu wahala su ne masu alkawari. Mutum ya ga yaro mai ƙoƙari zuciyarsa ta motsa, ya ce zai ɗauki nauyin karatunsa, ya hau jirgi ya manta, mu kuwa uwar yaron tana zuwa ƙofarmu kowane wata tana zaton mun cinye kuɗin. Haka masu ɗaukar hoton marasa lafiya da yara ba izini, su sa a Facebook tare da sunan ƙauyen da adadin waɗanda suka ce sun tuba, ba su san cewa a wasu wurare wannan yana iya jawo wa sabon mai bi kora daga gidansu ba. Ku roƙi fastonku kada ya yi alkawarin komai sai ta bakin shugabannin wurin, kyauta ma ya miƙa musu su raba.

Tsohon Fasto ya sake amsawa:

Ma'aji yana da gaskiya a kan kasafi biyu, kuma ina goyon bayan a yi hakan. Abin da zan ƙara kawai shi ne lissafin ba ya tsayawa a shekara guda. Ƙungiyar mishan ta Operation Mobilisation (OM) ta samo asali ne daga gajeriyar tafiyar da George Verwer da abokansa biyu suka yi zuwa Meziko a 1957 suna ɗalibai, kuma masu bishara da yawa da suka yi rayuwarsu duka a filin mishan sun fara ne da ziyarar makonni. A tamu ikilisiyar, baikon mishan ya ƙaru bayan na dawo, domin mutane sun fara yin addu'a suna ambaton sunayen waɗanda suke tallafa wa. Sai dai wannan yana faruwa ne in an ɗaure dangantaka da wuri ɗaya, ba a riƙa canja ƙasa kowace shekara ba.

Sakataren Ikilisiya ya amsa:

Na gode, Baba, na gode Mama da ɗan'uwa Ma'aji. Da na sake duba takardar gayyatar sai na ga daga masu shirya tafiyar ta fito, babu sa hannun wata ikilisiya ta can, kuma ba a faɗi aikin da fasto zai yi ba. Zan ba majalisa shawarar a jinkirta yanke hukunci har mu sami wasiƙa daga shugabannin wurin da ke bayyana abin da suke bukata, da wanda zai yi fassara, da irin bizar da ta dace. Mama, in akwai wasu tambayoyin da kike ganin ya kamata mu yi wa masu masaukin kai tsaye, ina roƙo ki rubuto su kafin zaman majalisa na wata mai zuwa.