Masu keken dutse a Vancouver sun gayyace ni gyaran hanya a Fromme, wa ya taɓa zuwa?

Ɗan_Burnaby:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar nan ya ɗan yi min bayani. Tun da na sayi keken hawa dutse na hannu nake bin wani abokin aikina muna zuwa Mount Fromme can North Vancouver, to ni dai har yanzu hanyar Bobsled mai sauƙi ce iyakata, sauran hanyoyin kallonsu kawai nake yi ina salati. Yanzu ya ce ranar Asabar NSMBA, ƙungiyar mahaya keken dutse ta yankin North Shore inda Fromme yake, na da aikin gyaran hanya wai in yi rajista mu je, ba biya ba komai, ka kwashi ƙasa a bokiti cikin ruwan sama ka dawo gida da taɓo. Abin da ban gane ba, ƙasa kamar Kanada da ake cire mana haraji haka, me ya sa gwamnati ba za ta ɗauki ma'aikata ba? Na biyu kuma na ji wasu tsofaffin mahaya suna ta mita wai masu gyaran nan ɓata hanyoyin suke yi, sun mai da su na yara. To in je ne ko kuwa zan shiga rigimar da ba tawa ba?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka je kawai. Hanyoyin nan da kake gani ai ba gwamnati ce ta yi su tun farko ba, mahaya ne da kansu suka shiga daji da zarto da shebur a shekarun 1980 da 1990 suka fitar da su, yawanci ma ba da izini ba. Da hukuma ta fara maganar rufewa shi ne aka kafa NSMBA a 1997 don a samu masu magana da yawun mahaya. Yanzu filin Fromme yawancinsa a hannun ƙaramar hukumar North Vancouver yake, ba mai saka diga a ƙasa sai da takardar izini, ƙungiyar tana da ƴan ma'aikata da take biya amma hanyoyin sun fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, shi ya sa ake kiran gayya. Kuma gayya ce sak irin ta gida, har da abincin rana wani lokaci, ganga ce kawai babu.

Aikin da za su ba ka a matsayinka na sabo kusan kullum ɗaya ne, bokiti. Saman ƙasar dajin nan baƙa ce, ruɓaɓɓen ganye da itace, in ka taka tana lotsawa kuma tana riƙe ruwa, ba ta da amfani a kan hanya. Sai an share ta an haƙa rami a gefe har a kai ga wata ƙasa mai ruwan ɗorawa da tsakuwa a ciki, ita suke ce wa zinariya, wallahi in aka dace da rami mai kyau ka ga ƙatti suna ihu. Ita za ku dinga jida kuna zubawa kan duwatsun da aka jera, a daddale. In an gama kuma dole a cike ramin a rufe shi da ganye da gansakuka har ka kasa gane an taɓa wurin. Bayanka zai gaya maka ranar Lahadi, wannan kam ba zan ɓoye maka ba.

Injiniya_Kwalbati:
Ni ba na hawa keke amma hanya sana'ata ce, bari in sa baki a tambayarka ta biyu. Masu mitar nan su tambayi ruwa, shi ne ya sa ake sake zanen. Duwatsun North Shore suna samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ga tsofaffin hanyoyin da yawansu miƙe suke sambal daga sama zuwa ƙasa, wato daidai inda ruwa zai so ya bi. Taya ta ja birki ta kankare ƙasa, ruwa ya zo ya kwashe, baɗi sai ka ga rami da saiwoyi a waje, mahaya su fara kaucewa ta gefe, hanyar da faɗinta bai kai mita ɗaya ba ta koma mita uku na taɓo. Daga nan mai fili ya ce a rufe, kuma yana da gaskiya.

Ƙungiyar mahaya keken dutse ta IMBA da ke Amurka (1988 aka kafa ta) tana da ƙa'idoji da masu ginin hanya ke bi ko'ina. Gangaren hanya kar ya wuce rabin gangaren dutsen da take ratsawa, in ya wuce ruwa zai bar tsallakawa ya dinga bin hanyar. Matsakaicin gangare a tsaya wajen kashi 10 cikin 100. A ɗan karkatar da fuskar hanya waje kamar kashi 5 don ruwa ya zame. Sannan a dinga sa ɗan kwari da ɗan tudu jefi jefi, ruwa ya samu mafita kafin ya tara ƙarfi. Inda tsayin ya yi yawa ba yadda za a yi, sai a shimfiɗa manyan duwatsu a binne kusan duk jikinsu a ƙasa. Wannan ɗin ma bai sauƙaƙa hanya ba, sau da yawa ƙara mata wuya yake in an jiƙe.

Tsohon_Hannu:
Injiniya da girmanka, amma ba duka ba ne laifin ruwa. Na yarda akwai wuraren da suka lalace. Amma salon hawan da ake kira freeride fa a nan aka haife shi, gadojin katako masu siririn faɗi, hawa kan gungume, faɗowa daga dutse, abin da mutane irin su Todd Fiander da ake kira Digger da Dangerous Dan suka fara ke nan, har duniya ta kwaikwaya. Shi Digger ɗin da ya yi hanyar Ladies Only, gadojin farko don tsallake fadama ya yi su ba don burga ba, daga baya abin ya zama salo. Yau in gada ta ruɓe sau da yawa ba a mai da irinta, sai a cire a zuba ƙasa a yi kwana mai santsi, saboda inshora da tsoron ƙara a kotu da kuma son a jawo sababbin mahaya. Da aka sake hanyar Expresso ai an sha wannan musun. Wanda ke son santsi ga filin keken dutse na garin Whistler nan ya sayi tikiti ya hau hanyar A-Line, a bar mana namu da saiwoyinsa. Ni dai ra'ayina ke nan ko za a ce na tsufa.

Baban_Ummi:
Yaya ai Digger ɗin da ka kawo shi ma da hannunsa a cikin sababbin gyare gyaren, ba wasu baƙi aka ɗauko ba. Kuma hanyoyi masu baƙin tambari biyu ɗin, wato mafi wuya, suna nan ba wanda ya hana ka. Abin da na lura, masu mita a intanet ba ka ganinsu ranar bokiti, alhali a wurin ake yanke shawarar ina dutse zai zauna ina za a bar saiwa, in ka zo ka ce a bar wannan tsallen a yi wa masu tsoro hanyar kewaye ana sauraronka. Maganar katako kuma gaskiya ce tana da wahala, itacen sida ake nema wanda ya riga ya faɗi don ba a yarda a sare mai rai ba, a tsaga shi da hannu saboda tsagagge ya fi riƙe taya kan wanda inji ya yanka, kuma duk da sida na jure ruɓa wata rana sai an canza. Wa zai canza? Mu ɗin nan dai.

Tsohon_Hannu:
To na ji, amma kar a ce ban taɓa ɗaukar bokiti ba, gwiwa ce ta hana yanzu.

Ɗan_Burnaby:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Na gode kwarai jama'a, na yi rajistar. Me zan tafi da shi? Kuma maganar beyar, dabbar dajin nan, da ake yi da gaske ne ko tsoratarwa?

Baban_Ummi:
Kayan aiki su ke kawowa. Kai dai takalmi mai ƙarfi da ba ka tausayinsa, safar hannu, rigar ruwa, ruwan sha, da kayan canji a leda ka bari a mota don ba wanda zai ɗauke ka da taɓon nan. In akwai abinci ka faɗa musu tun wuri ba ka cin alade. Baƙin beyar akwai su da gaske, amma taron mutane da ƙarar shebur ba sa tsayawa, kar dai ka bar abinci a jaka ka yi nisa. Ka fito da wuri, filin ajiye motoci na saman Mountain Highway cika yake ranar Asabar.