Tsohuwar 911 ta soja: ta ina zan fara?

Ɗan Gwanjo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gaji wata babbar mota Mercedes 911 mai gaba da baya, wadda marigayi mahaifinmu ya saya a gwanjon sojoji. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana ajiye a bayan gida, har kaji sun yi ƙwai a kujerar direba. Ina so ta tashi. Gobe zan sa batir in gwada.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji. Ɗana, kada ka kuskura ka murza makulli gobe. Ka cire nozul shidan, ka zuba baƙin mai da ɗan gas a kowane rami, ka bar shi kwana huɗu ko biyar. Sannan ka sa sifana a fuli ka juya da hannu. In ya zagaya sau biyu bai cije ba, ka gode wa Allah. Injin OM352 ne, lita 5.7, ba ya mutuwa da sauƙi, mu ne ke kashe shi da gaggawa.

Oga Bakanike: Gaskiya Baba ya faɗa. Ni abin da nake tsoro injekta ce, wato famfon da ke tura gas cikin inji. In ta daɗe a zaune, sandar da ke auna mai tana maƙalewa, injin ya tashi ya yi ta ƙara wuta, ka kashe makulli bai san kana yi ba. Ya taɓa faruwa a garejinmu, yarana duk suka watse, ni na danna katako a bakin iska kafin ya mutu, hannuna na rawa. Ka kai ta wurin mai injekta tukuna, ranar tayarwa kuma katako na kusa da kai. Tankin ma a sauke a wanke, tsohon gas ya zama kunu.

Mai Waya: Ka duba wutarta, na sojoji yawanci bolt 24 ne, batir biyu ake haɗawa. Ɓeraye ma sun sha biki a wayoyin nan, ko ban gani ba.

Ɗan Gwanjo: Sun sha kuwa! Kaya fa, a ina zan samu?

Na Ƙofar Ruwa: Alhaji, kayan 911 ba sa wuya, tunda har a Inugu an haɗa Marsandi a kamfanin ANAMMCO. Ka leƙo Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Ka taho da tsohon a hannu a gwada, kada ka yi ciniki da baki. Robobin birki kuwa sabbi za ka saya, ban yarda da na hannu ba.

Baba Direba: Birkin nan shi ne magana. Tashi daban, tsayawa daban. Tayoyin ma ko da zanensu bai cinye ba, rana ta gama da su.

Malam Lauya: Abu ɗaya kuka manta: fenti. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja. Ka sauya launi kafin ta hau kwalta, ka kuma nemo takardar gwanjon.

Ɗan Gwanjo: Ranka ya daɗe, koren nan ne fa kwalliyarta. To, ba komai. Takardar tana akwatin Hajiya. Oga, ranar Asabar zan kawo maka injektar.

Oga Bakanike: Ka zo da safe, kafin rana ta yi zafi. Ka haɗo da nozul ɗin.