Neman shawara: me zan shafa wa katakon sirdin tsohon babur?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina farfaɗo da tsohon babur ɗin mahaifina, Honda CD175 da ake kira Benly. Ƙarfen ƙasan sirdin tsatsa ta cinye shi, sabo kuma ba ya samuwa, tunda an daina ƙera irinsa tun 1979. Kafinta ya yanko min filawud mai kaurin milimita 12 daidai da siffar tsohon. Kafin in kai wa mai kushin ya ɗora soso da leda, me zan shafa masa kada ruwan damina ya ruɓar da shi?

Wani ɗan uwa: Wa'alaikumus salam. Shafa masa baƙin mai kawai. Da shi muke kare katakon rufi daga gara.

Wani kafinta: A'a, Malam, rufi daban, sirdi daban. Katakon da ya sha baƙin mai gam ba ya kama shi, kuma idan rana ta buɗe man zai tsattsafo ya shiga soso, ƙarshe har rigarka ta samu rabonta. Gara ma ba ita ce matsalar babur mai yawo ba. Matsalarka ruwa ne, daga ƙasa tayar baya na watso shi, daga sama yana bin ɗinkin leda ya kwanta cikin soso.

Da farko ka tambaya wane filawud ne. In na kwabot ne, ruwa na taɓa shi zai ɗaɗɗaye falle-falle. Nemi marin filawud, wanda ake haɗa kwale-kwale da shi, gam ɗinsa ba ya jin ruwa. Sannan ka huda duk ramukan noti tukuna, ka goge da samfefa, ka kashe kaifin gefuna don kada su yaga leda. Sai ka kwaɓa ifoksi mai ruwa-ruwa, wato gam ɗin nan mai kashi biyu da ake haɗawa ya ƙame ya tare ruwa, bisa ma'aunin da ke jikin gwangwanin, ka shafa sama da ƙasa, shafi biyu ko uku. Gefen da zarto ya bi shi ya fi ko'ina shan ruwa, ka yi ta ba shi har sai ya ƙoshi. Cikin ramukan ma ka zura ƙaramin burushi. A nan yawancin mutane ke yin sake, su gyara fuska tas su bar rami tsirara.

Mai tambaya: Na gode, Yallaɓai. In ban samu ifoksi ba fa?

Kafinta: Fanish mai mai zai yi. Ka sirka shafin farko da tina don ya ratsa, kowane shafi ya bushe sosai kafin na gaba. Sai dai bai kai ifoksi ƙarko ba.

Mai kushin: Ƙari kaɗan daga ɓangarenmu. Kada ka kawo mana shi yana danƙo, bar shi ya ƙame. Ka ce a shimfiɗa leda marar kauri a kan soso kafin a ja ta waje, a kuma buga fil marar tsatsa, don na baƙin ƙarfe damina ɗaya ke karya shi. A bar ƙananan ramuka a ƙasa, iska ta riƙa fita idan an zauna, danshi ma ya samu hanya.

Wani dattijo, bakanike: Yaro, sa roba tsakanin katakon da ƙarfen babur, da faffaɗan washa a kowane noti, in ba haka ba girgiza za ta faɗaɗa ramukan. Ni dai da nawa ne, mai walda zan ba tsohon ya kwaikwaya min da ƙarfe. Kada ka yar da shi ko da ya zama rariya.

Mai tambaya: Yana nan a ajiye, Baba. Gobe in Allah ya kai mu zan fara tambayar kafintan irin filawud ɗin da ya sa.